KUJERAR AKORI-KURA: A GYARA KO A SAKE?

A zaman da muka yi na baya, bayan an gama maganar la'ada da ta kuɗin tirela, sai hira ta gangaro kan ciwon baya. Nan fa kowa ya buɗe baki: wannan ya ce ƙugu, wancan ya ce ƙafar dama ke mutuwa, wani dattijo ya ce in ya sauka daga mota sai ya dafa ƙofa kafin ya miƙe. Da muka bi diddigi sai muka tarar yawancinsu tsohuwar akori-kura suke shiga, wadda wasunmu ke ce wa bashe. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kan kujerar mota: yadda take mutuwa, yadda ake gyara ta, da yadda ake sake ta ba tare da an jawo wa kai wata masifa ba.

Me ya kawo maganar kujera a jaridar shanu?

Shanu dai tirela ke ɗaukarsu, ko kuma masu kora su bi da su ta daji. Amma shi falke, akori-kura ce dokinsa. Da ita yake shiga rugage, da ita yake kai dusa da harawa da duron ruwa, da ita yake bin kasuwa: Lahadi a Illela ko Mai'aduwa, Laraba a Potiskum, Alhamis a Maigatari. Wanda ya taso daga Yamai zuwa Damagaram ya ci wajen kilomita 900 a zaune, ban da hanyar burji mai gargaɗa da ke jiransa in ya bar kwalta.

Su kuwa motocin nan ba yara ba ne. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, akori-kurar 504 kuma a 1979. Masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa Peugeot a 1975, ta ci gaba da yin 504 har wajen tsakiyar shekarun 2000. Toyota Hilux tun 1968 ake yin ta, Land Cruiser mai lamba 75 kuma ta fito a 1984. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin kayan waje ya ninka, da yawanmu suka haƙura da sabuwar mota suka riƙe tsohuwa. An sauke inji an mayar, an sake giya, an sake taya ba adadi, amma kujera tana nan yadda aka zo da ita, sai dai a ɗora mata buzu ko tsumman bargo.

To, mu dai mun san ciniki da natsuwa ake yin sa. Wanda ya iso kara jikinsa a farfashe ba ya iya zagaya turke sau uku yana duba haƙori da tozo da cinya. So yake ya sallama ya je ya kwanta, dillali kuwa ya gane shi tun daga nesa. Abin da zai yi asara a kan sa guda ya isa ya gyara kujera. Ga kuma direba: wanda baya ke ci ba ya zama wuri ɗaya, yana ta gyara zama, hankalinsa ya rabu biyu, gajiya ta zo da wuri, barci ya biyo ta. Lafiya uwar jiki.

Yadda kujera take mutuwa

Kujerar mota abu huɗu ce. Akwai ƙashinta, wato ƙarfen da ya ba ta siffa. Akwai sifirin ko wayoyin da aka ja a ƙarƙashi. Akwai soso. Akwai riga, ta yadi ko ta leda. A ƙasa kuma akwai ƙarafa biyu da take zamewa a kansu gaba da baya, waɗanda makanikai ke ce wa rel.

Zafin rana da gumi su ne ke cin soso. Mota in ta wuni a rana a rufe, cikinta kamar tanderu, soso ya bushe ya riƙa zuba kamar gari. Gefen direba shi ke fara tafiya, musamman bakin ƙofa, inda ake shiga da fita. Daga nan sai sifirin ya saki ko ya tsinke. Sai ka ga mutum yana zaune a karkace, ɗuwawu ɗaya a rami, ɗaya a kan tudu. Ƙashin baya ya lanƙwashe yana neman daidaito, ga girgizar hanya tana shigowa kai tsaye daga ƙarfe zuwa ƙugu, ba abin da ya tare ta. Likitocin ma'aikata sun daɗe da sanin cewa doguwar girgiza a zaune tana cikin abubuwan da ke kawo ciwon baya ga direbobin manyan motoci da na tarakta.

Amma kafin a ɗora wa kujera laifi duka, a leƙa ƙarƙashin mota. In shokozoba ta mutu, ko ganyen sifirin na baya ya karye, ko an cika taya da iska har ta zama dutse, ko kujerar sarki ka sa sai ka ji a jikinka. Akori-kura an yi ta ne don kaya, in ba komi a bayanta dole ta yi tsalle. A fara gyara waɗannan, sannan a zo kan kujera.

Gyara ko canji?

Shawararmu ta farko ita ce: in ƙashin kujera lafiya lau yake, a gyara ta, kada a sake. Dalili kuwa, ita ce masu motar suka auna, ramukan ɗaurinta suna wurin da aka ƙarfafa ƙasan motar, tsawonta ya dace da sitiyari da birki. A kwance ta a fito da ita waje, a cire riga, a duba ƙarfen da rana. In tsaga ce ƙarama, mai walda ya kama ta. A sake sifirin da ya tsinke. Sannan a kai wa mai ɗinkin kujerun mota.

A nan ake cutar mutane da yawa. Soson katifa mai araha ba soson mota ba ne, wata biyu ya kwanta. Soso da nauyi ake gane shi: lambar da masu sayarwa ke faɗa, ita ce nauyin kilo nawa ne a mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Na zama a mota a nemi mai lamba 40 ko kusa da haka. A sa mai tauri a ƙasa, a shimfiɗa mai laushi santimita 2 ko 3 a sama. Kujera mai laushi tuɓus daɗinta na minti goma ne, a doguwar tafiya mai ɗan tauri ce ke riƙe jiki. A kuma ce wa mai ɗinki ya ɗan cika majingina a daidai kwarin baya, sama da ƙugu kaɗan.

Ana sake kujera ne in tsatsa ta cinye ƙashinta, ko an sha yi mata walda har ba wurin kamawa, ko rel ya ƙi riƙewa, ko kuwa mai mota yana son kujera mai majinginin kai wadda bayanta ke kwantawa.

Sai dai a yi tunani ɗaya tukuna. Yawancin tsofaffin akori-kura dogon benci ne a gaba, mutum uku ke zama. In ka cire shi ka sa kujeru biyu na ƙaramar mota, ka rasa wurin mutum ɗaya. Wa za ka mayar baya cikin ƙura da raguna? Yaron mota, ko dillalinka, ko Bafulatanin da zai nuna maka hanyar ruga? Wasu sukan sa kujera guda ta direba, su bar gajeren benci na mutum biyu a gefe, kamar yadda wasu Land Cruiser suke zuwa da shi. Wannan ya fi dacewa da sana'armu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a dasa akwatin katako a tsakiya a ɗora masa matashi a ce kujera ce.

In za a saya, a tafi da awo

Kujerun da aka ciro daga motocin Turai suna nan a Katako ta Yamai, a Ƙofar Ruwa ta Kano, a Panteka ta Kaduna, a Ladipo ta Ikko, 'yan'uwanmu na Gana kuma suna da Suame a Kumasi da Abossey Okai a Ankara. Kyan gani kada ya ruɗe ka. Ido ba mudu ba ne, a nan tef ɗin awo ya fi ido. Kafin a kwance tsohuwar, a rubuta waɗannan a takarda:

1. Daga ƙasan mota zuwa saman wurin zama, da mutum a kai.
2. Daga wurin zama zuwa rufin mota. A auna da hula ko rawani a kai, tunda haka muke tafiya.
3. Daga wurin zama zuwa ƙasan sitiyari, inda cinya ke shiga.
4. Daga ƙofa a rufe zuwa giya ko birkin hannu.
5. Daga majingina zuwa bangon baya.
6. Tazarar ramukan ɗauri, gaba da baya, hagu da dama.

Na biyar ɗin nan shi ke kayar da mutane. Kan akori-kura gajere ne, kujerar babbar mota kuwa bayanta kauri gare shi. In ka sa ta, sai ta tura ka gaba, ƙirjinka ya manne da sitiyari, gwiwa ta daki ƙarfe. A nemi mai siririn baya.

Zama mai kyau ga yadda yake: ka taka kuloci har ƙasa, gwiwarka da sauran ɗan lanƙwasa. Ka ɗora wuyan hannunka a saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar majingina ba. Tsakanin ƙirji da sitiyari kada ya gaza santimita 25. Ƙugu ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta tudu. Majingina ta ɗan kwanta kaɗan, ba tsaye ƙyam ba, ba kuma kamar gado ba.

A lura da hagu da dama. Bakin da ake soka bel yana gefen ciki, hannun kwantar da baya kuma yawanci yana gefen ƙofa, saboda haka ta hagu ba ta zama a dama. Motocin Ingila da Japan direbansu a dama yake, kujerar da ke ɗagawa sama da ƙasa sau da yawa ta dama ce, ba za ta yi wa direbanmu amfani ba. A wajen mai kaya, a zauna a kai, a ja ta gaba da baya a ji rel ya kama ta ɓangare biyu, a jingina da ƙarfi a ji ba ta sakin baya. In ƙashinta ya karkace, daga motar da ta yi hatsari ta fito, a bar ta.

Akwai wani abu kuma da ba a san shi ba a zamanin 404. Tun 1994, lokacin da Volvo ta fara, ana sa jakar iska a cikin gefen kujera, wasu kuma bakin bel ɗinsu yana da ɗan harsashin da ke janye shi in an yi karo. Alamarsu ita ce waya mai kai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera, da rubutun SRS ko AIRBAG a gefe. Tsohuwar mota ba ta da na'urar da ke sarrafa su. Kada wani mai wayarin ya ce bari ya gwada wayar da batir, kada kuma a kai wutar walda kusa, don abin fashewa yake yi. Mafi sauƙi a sayi kujerar da ba ta da waya ko ɗaya. Mai aiki da lantarki ma a bar ta, ƙurar hanyarmu ba ta barin ta ta yi ƙarko.

Ɗauri shi ne gaba da komi

A nan muke so kowa ya buɗe kunne, don duk abin da muka faɗa a sama jin daɗi ne, wannan kuwa rai ne.

Wani ɗan ƙungiyar nan ya taɓa sayo kujeru masu kyau, ya kai wa wani mai walda a bakin tasha. Ramuka ba su zo daidai ba, sai mai waldan ya yanko guntayen rodi ya liƙa su a kan falan ƙasan motar, ya ɗora kujera. An yi wata uku ana jin daɗi. Ran nan da magariba jaki ya faɗo hanya, direba ya taka birki, motar ta faɗa kwalbati. Gudun ma ba mai yawa ba ne. Kujerar gefe ta tsinke da mai ita, goshinsa ya fasa gilashin gaba. Allah ya yi da sauran kwana, amma ya yi wata biyu bai taka kara ba, ana tsakiyar cinikin ragunan Layya. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Ga lissafin abin. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya, daidai yake da a faɗo daga tsawon mita 10, wato bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido, mutum mai kilo 70 yana fizgar abin da ya riƙe shi da ƙarfin da ya wuce tan ɗaya, kamar a ce manyan bijimai uku sun ja igiya lokaci guda. Mu da muka san yadda sa ɗaya ke tumɓuke turke, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Falan ƙasan mota kuwa siriri ne, ga shekaru, ga tsatsa.

Saboda haka ga abin da za a tsaya a kai a ga an yi:

A ɗage tabarmar ƙasa a duba falan. A soka masa sukuddireba. In ya huje, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe kafin a yi maganar kujera.

A yi amfani da ramukan asali na motar. In na sabuwar kujera ba su zo daidai ba, a ƙera gada: ƙarfe mai kwana ko mai faɗi, kaurinsa kada ya gaza milimita 3, a ɗaure shi a ramukan asali, sannan a ɗaure rel a kansa. Waldar gadar a yi ta a waje, a hannun wanda ya iya. Rodi da bututun ruwa da katako ba su shiga wannan aiki.

In dole sai an huda sabon rami, a leƙa ƙasa tukuna. Bututun birki da na mai da wayoyi nan suke bi. A ƙarƙashin kowane rami a sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, faɗinsa santimita 6 ko 7 kowane gefe, a goge kusurwoyinsa don kada su yaga falan. Ƙaramar washa kaɗai ficewa take yi.

Kusa mai zare, wato bulon, a duba kanta. Mai ƙarfi an buga mata lamba 8.8 ko 10.9. Wadda ba lamba ta ƙofar gida ce. Kaurinta milimita 8 zuwa 10, guda huɗu a kowace kujera, da noti mai kulle kansa, saboda gargaɗa tana kwance noti. Kada a tara washa ko noti a ƙasa don a ɗaga kujera.

Rel biyu su tafi daidai da juna. In ɗaya ya karkace, gefe ɗaya ne zai kama, ranar taka birki kujera ta zame.

Kafin a kunna walda a jikin mota, a cire kan batir. A kuma san inda tanki yake: tsofaffin Land Rover da Land Cruiser na kafin 1979 tankinsu a ƙarƙashin kujera yake.

Bel da majinginin kai

Mun sani da yawanmu bel sai an hango jandarma ake jawo shi. Amma ba don jandarma aka yi shi ba. Wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya fito da irin wanda ke bin kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar wa kowa ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage mutuwar masu zama a gaba da kusan rabi. Tunda an kwance kujera, lokacin gyara shi ke nan. A bar shi a maɗaurinsa na asali a jikin mota. In bakin sokawa a jikin sabuwar kujera yake, to duk ƙarfin nan da muka faɗa ta ƙafafunta zai bi, ka ga dalilin da ya sa muka matsa a kan ɗauri. A tabbatar harshe da baki na gida ɗaya ne, an soka an ji ƙas, an fizga bai fita ba. Wanda ya zare ko rana ta cinye, a sake shi, ba a ɗinke shi, ba a ƙulla shi. Na ƙugu ya bi ta kan ƙashi, ba kan ciki ba, a gyara babbar riga a ƙarƙashinsa.

Majinginin kai kuwa ba ado ba ne. In an daki mota ta baya, shi ke hana wuya karyewa. Samansa ya yi daidai da saman kai, ya kuma matso kusa da ƙeya. A kan akori-kura gilashin baya yana dab da kai, wannan kaɗai ya isa dalili.

Riga

Leda tana da sauƙin gogewa, ga mu da kashin shanu a takalmi da ƙura a riga. Amma da bazara wuta ce, tana tara gumi, tana tsagewa. Yadi mai kauri ya fi sanyi, sai dai yana shan datti. Abin da muka ga ya fi shi ne leda a gefe da baya, yadi a tsakiya inda jiki ke taɓawa, sannan a ɗinka riga ta biyu wadda ake cirewa a wanke. Fari-fari ya fi baƙi. Buzu ba laifi, in an ɗaure shi ba ya zamewa.

Takardu da bakin iyaka

A katin mota na ƙasashen Faransanci ana rubuta yawan wuraren zama. Kada abin da ke cikin mota ya wuce abin da ke takarda, don ranar tsautsayi mai inshora nan zai fara dubawa. In an sake yawan kujeru, a je ofishin da ke ba da katin a gyara. A riƙe rasiɗin sayen kujera da na mai ɗinki tare da takardun mota. Ma'aikatan duwan sun san ana ɓoye kaya a cikin kujera, sabon ɗinki a tsohuwar mota yana jan idonsu. Wanda ya nuna takarda, ya kuma sa an yi rigar da zip ko maɗauri yadda za a buɗe a gani, ya tsira daga a farke masa ita da wuƙa. Masu cusa kuɗi a cikin soso kuma su sani ɓarayin hanya ma nan suke fara lalubawa.

Kafin a kama doguwar hanya

In an gama, kada a ce gobe sai Ikko. A zagaya gari, a hau burji, a taka birki da ƙarfi a wurin da ba kowa. Mutum ya kama majingina ya girgiza ta iya ƙarfinsa, in ƙasan motar na motsi, aiki bai yi ba. Bayan mako ɗaya a sake bin kowane noti da sifana, daga nan kuma duk ranar juyen baƙin mai.

Kujera komi kyanta ba ta hana gajiya. Duk awa biyu a tsaya a miƙe ƙafa, lokutan salla ma sun raba mana hanya. A cire ƙunshin kuɗi da lalita da wuƙa daga inda ake zama a kansu, don su ma suna karkata ƙugu. Wanda ciwon bayansa ke sauka har ƙafa, ko ƙafar ke mutuwa ba ta farfaɗowa, wannan ya wuce mai ɗinkin kujera, asibiti zai je.

Muna roƙon wakilan rassa su karanta wa waɗanda ba su iya boko ba wannan bayani, musamman direbobi da yaran mota. Wanda ya san mai walda ko mai ɗinki na ƙwarai a garinsu ya sanar da sakataren reshensu, don 'yan'uwa baƙi su san inda za su nufa. Allah shi kiyaye hanya, shi sa albarka a dukiya, shi maido kowa gida lafiya. Amin.